Hattara da mai shayin rage tumbi da ke yawo a guruf ɗin matan Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman na cikin garin Katsina da kewaye. Akwai wata mata da tallarta ta cika WhatsApp da TikTok, ta shiga guruf ɗin unguwanni, na 'yan makaranta, har da na Islamiyya. Ba zan kama suna ba, don sunan ma ba ɗaya ba ne. Yau Hajiya wance ce, wata mai zuwa ta koma Maman wane, lamba ta canja, hoton shafi ya canja. Salon aikin ne kawai ba ya canjawa, shi nake so ku riƙe.

Shafi biyu gare ta. A ɗaya tana sayar da shayin rage tumbi, tana ce ma mai jiki: "Hajiya, ki gyara kafin a ƙaro maki siririya." A ɗayan tana sayar da haɗin ƙiba, tana ce ma siririya: "Ƙanwata, namiji ba ya son ƙashi." Asusun da ake tura kuɗin ɗaya ne, kuma sunan da ke fitowa idan za ki tura na wani namiji ne. Ba ta da shago. A tasha ake karɓar kaya hannun direba, ko ɗan acaɓa ya kawo maki har ƙofar gida bayan kin biya kuɗin aike. Ko ke mai jiki ce ko siririya, abin da take nema dai ki kalli madubi ranki ya ɓaci, don daga nan cinikinta ke farawa.

Ana shiga ne ta abin da take kira gasar kwana 21. Kin biya kuɗin rajista, kin sayi kaya: garin ganye a farar leda, da wasu kafso a 'yar roba da aka manna ma takarda. Sai sharaɗi ya biyo baya. Za ki tura hotonki ta gaba da ta gefe, da kaya masu kama jiki, ciki a buɗe, wai don a riƙa auna ci gaba. Kullum da safe kowa ta ɗauki hoton sikeli ta sa a guruf. Wadda kilonta bai sauka ba a yi mata habaici, "wasu dai ba su shirya ba, sai aukin ci." Wadda ta ce cikinta na ciwo, kafin a jima an goge saƙonta. Akwai wasu lambobi uku ko huɗu da ba su da aiki sai yabo, "Allah Ya saka, Hajiya, zanena har faɗuwa yake," amma ba wadda ta taɓa ganin masu lambobin da idonta.

Maƙwabciyata mai jego ce, haihuwarta ta biyu. Ta je wani suna a dangin miji, wata ta dubi cikinta ta ce, "Ah, har an sake ne?" aka yi dariya. Ita ma ta yi dariyar, ta dawo gida ta shiga gasar. Tun daren farko murɗar ciki ta hana ta barci, ta kwana tana zarya tsakanin ɗaki da bayi. Da ta yi magana aka ce mata, "Alhamdulillahi, kitsen ne ke narkewa yana fita, ki ƙara cokali ɗaya." Sikeli kuwa ya sauka, har aka sa sunanta a sitatus. Sai nono ya fara ƙafewa, yaro ya kama ya saki yana kuka, leɓenta ya bushe ya tsage, idan ta miƙe daga zaune sai ta dafa bango. Tana shanya a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi, ƙullin wanki a hannunta. A asibiti ƙarin ruwa aka yi mata. Da ta koma ci da sha yadda ta saba, kilon da ya tafi ya dawo gaba ɗaya.

Ta nemi a mayar mata da kuɗinta. Amsar farko ita ce ba ta bi ƙa'ida ba, sai ta sayi mataki na biyu. Da ta matsa, sai matar ta turo mata hoton nan nata na ranar rajista, ta rubuta a ƙasa: "Kin manta ina da wannan?" Matar aure, a garin da kowa ya san kowa. Tun daga ranar ta yi shiru, kuma wannan shirun shi ya sa matar ke cin karenta babu babbaka har yau.

Kitse ba ya fita ta gudawa. Jiki ƙona shi yake yi, mafi yawansa ya fita ta numfashi, saura ya zama ruwa. Kilo 1 na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700, alhali abin da jikin mace baliga ke ƙonawa a yini bai wuce wajen 2,000 ba. Ku yi lissafin da kanku: ko mutum ya daina cin komai, ba zai zubar da kilo 10 na kitse a kwana 10 ba. Abin da sikeli ke nunawa a makon farko ruwan jiki ne da abin da ke cikin hanji. Duk wadda ta tashi gaban tsofaffi kuma ta shinshina garin nan za ta gane warin filasko. Kakanninmu sun san shi, maganin wankin ciki ne, ana sha sau ɗaya idan ciki ya ɗaure a bar shi. Ba wanda ya ce a mayar da shi shayin safe da dare na mako uku. Yawan shan sa yana kwashe ruwa da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata don ta buga daidai, yana wahalar da ƙoda, kuma hanji na iya sabawa har ya kasa aiki sai da shi.

Kafson ya fi ba ni tsoro. Waɗanda suka sha suna kukan bushewar baki, rashin barci da bugun zuciya da sauri. Akwai wani maganin rage ƙiba mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010, saboda an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har yanzu hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban suna kama shi an ɓoye a cikin shayi da kofi na rage ƙiba da aka rubuta ma "ganye zalla". Abubuwan da masu shan kafson ke kuka da su, alamominsa ke nan. Mai hawan jini da ta haɗiye irin wannan da ranta take wasa.

Haɗin ƙibar kuma tsohon sha-ka-fashe ne aka sake ma riga. 'Yan mata masu shirin aure su ne kasuwarsa, ana saura mako uku biki a ce za a ciko amarya, a haɗa mata da dilka da sauran gyaran jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma idan ƙawaye sun sa yarinya gaba da "sillan kara" ba ta jin wannan. Abin da aka saba dakawa a zuba a zuma ko a ruwan kwalba iri biyu ne: cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki ya kuma sa barci, da dexamethasone. Na biyun magani ne na gaske mai ƙarfi, likitoci na ba da shi a kan ciwo takamaimai, har masu korona da suka galabaita an ceto da shi a 2020. Yana da araha ƙwarai a kemis, ita kuma ta ninka kuɗin yadda ta ga dama. Idan mai lafiya ta daɗe tana sha, jiki zai tara ruwa, fuska ta yi zagaye kamar faifai, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta fito jajaye a ciki da cinya. Suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Ƙugun da aka yi alkawari kuwa ba ya zuwa, don babu ƙwayar da ake aika wa wuri guda a jiki ta je can ta tsaya.

Wannan ku ji shi da kyau: wadda ta yi makonni tana shan haɗin ƙiba kada ta yanke shi rana ɗaya. Dexamethasone yana sa jiki ya rage yin wani sinadarinsa na kansa, idan aka tsayar da shi kwatsam jini na iya faɗuwa, mutum ya galabaita, har a rasa rai. Likita ne zai riƙa rage maki shi sannu a hankali. Shayin gudawar da kafson kuwa a ajiye su yau.

Mai tallar za ta nuna maku lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Lamba ba wuyar bugawa gare ta ba, ana kwafo ta daga jikin wani kaya daban. Hukumar tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook, ki sa lambar ki ga ko sunan da ya fito shi ne na abin da ke hannunki. Ko da lambar ta gaske ce, rajistar da ake yi ma magungunan gargajiya ba shaida ba ce cewa suna yin aikin da mai talla ta faɗa, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Balle garin da ya zo a leda, ba sunan wanda ya haɗa, ba adireshi, ba ranar lalacewa. Kwanan nan ma ta fara tallar Ozempic, allurar masu ciwon suga da wasu ke yi don rage ƙiba. Wannan sai da takardar likita, kuma a firji ake ajiye ta. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a Birazil, Birtaniya da Amurka, kuma an taɓa samun jabun da insulin, maganin sauke suga, aka ɗura a ciki. Ku yi tunanin allurar da ta wuni a but ɗin mota cikin zafin Afrilu na Katsina.

Akwai kuma tarkon wakilci. Idan ta ga kina da jama'a sai ta ce ki sayi katan ki zama wakiliyarta a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ko Daura. Ke za ki sayar ma 'yan uwanki da ƙawayenki, ranar da wata ta kwanta asibiti ƙofarki za a buga, ita kuwa ta riga ta yi bulokin ɗinki.

Sai dai mu ma da namu laifin, don bakinmu ne ke kai mata masu saye. Ba a gaisawa a wurin biki sai an ce "kai, kin yi ƙiba" ko "lafiya kika rame haka?" Miji ya kira matarsa buhu yana ganin wasa ne. Tela ta auna yarinya ta faɗi awon da ƙarfi gaban mutane. Da can ƙiba alamar hutu ce, yanzu waya ta zo da wani sabon jiki, ciki a shafe ƙugu a buɗe, wanda mafi yawansa gyaran hoto ne, ko ɗamara a ƙarƙashin riga, ko tiyata. Yarinya 'yar shekara 17 ta zauna tana gwada kanta da wannan. Idan kika ga 'yarki ta fara ɓoye abinci, tana shiga bayi da zarar ta ci, tana ƙin zuwa taro don kada a gan ta, ko tana hawa sikeli safe da yamma tana kuka, ba iyayi ba ne kuma faɗa ba ya maganinsa. Ciwo ne da likitoci suka sani, a kai ta asibiti.

Rama ko ƙibar da ta zo ba dalili ma gwaji take so kafin komai. Ciwon suga, tarin fuka, matsalar maƙoƙo da damuwa duk suna ramar da mutum, wasu magunguna da rikicewar sinadaran jiki kuma suna sa ƙiba. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin da ya fi kusa da ke za a auna jini da suga, a haɗa ki da masu ba da shawara kan abinci. Ragin da jiki ke ɗauka lafiya shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu, ko da zagayen tsakar gida ne bayan sallar asuba. A rage lemon kwalba da sukarin da muke zubawa a koko da fura, malmalar tuwo ta ragu, zogale da wake su ƙaru. Mai son ciko kuma ga gyaɗa, ƙwai, awara, fura da nono, dabino. Ki ari tef ɗin tela ki auna cikinki daidai saman cibiya, in bai kai rabin tsawonki ba, ba ki da tumbin da ya kamata ya hana ki barci. Mai jego kuma ta sani mahaifa kaɗai tana ɗaukar kusan mako 6 kafin ta koma yadda take, naman ciki kuwa watanni yake ɗauka.

Wadda ta riga ta shiga, kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton hirarku, rasit ɗin tura kuɗi, sunan asusun da lambobin da ta yi amfani da su. Ragowar garin da kafson ki tafi da su asibiti a ledarsu, sannan a kai ofishin NAFDAC na Katsina. Ki sanar da bankinki. Idan ta yi maki barazana da hoto kada ki tura ko sisi, wadda ta biya sau ɗaya za a dawo mata. Ki riga ta faɗa ma mijinki ko mahaifiyarki ko yayanki, ku je wurin 'yan sanda tare. Yi wa mutum barazanar ɓata suna ta waya don a karɓi kuɗinsa laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, kuma idan ku uku ko huɗu kuka haɗu kuka shigar da ƙara da lambar asusu ɗaya, an fi saurin bin sawunta.