PDMS ko akrilik? Ga wanda za ka saya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kan tambayarka ta PDMS (wata robar silikon mai laushi) ko akrilik (roba mai tauri, garau kamar gilas) wajen ƙera cip mai siraran magudanai don ninka DNA: ɗauki akrilik, ka haɗa shi da LAMP, ka ajiye PCR a gefe tukuna. LAMP da PCR hanyoyi biyu ne na ninka DNA ɗin.

Zafi ne ke raba gardamar. PCR na son digiri 95, ya sauko wajen 55 zuwa 60, ya hau 72, a yi ta juyawa sau 30 zuwa 40. Akrilik kuwa yana fara laushi ne a wajen digiri 105, ka ga 95 ya yi masa kusa, ga mannen da ke riƙe da shi zai iya saki. Shi LAMP, wanda masanan Japan suka fitar a 2000, digiri 60 zuwa 65 yake so, ba hawa ba sauka, kuma cikin awa ɗaya an gama.

Nawa cip ɗin a kwamfuta na zana, na kai wa wani dattijo mai yanka allunan shaguna da injin leza nan cikin Katsina. Da na yi masa bayanin aikin, sai da ya goge madubin injin, ya yi ta gwaji a kan rarar roba har bakin yankan ya fito sumul, Allah ya saka masa. Hawa uku ne: akrilik a sama mai ramukan ɗiga samfur, selotef mai manne fuska biyu a tsakiya wanda aka yanke magudanan a jikinsa, sai akrilik a ƙasa. Ranar gwaji babu wuta. Na toshe ramukan, na sa cip ɗin a leda, na jefa cikin filas ɗin shayi mai ruwan digiri 65. Da na ciro, rijiyar samfur ta koma rawaya, alamar DNA ya ninku, ta ruwa zalla tana nan ruwan hoda. Wallahi na daɗe ina kallonsa.

PDMS, a ba shi haƙƙinsa, yana fitar da magudanan da leza ba ta isa ba. Shi ya sa ya bazu tun aikin masani George Whitesides da abokan aikinsa a jami'ar Harvard a 1998. Amma sai da mazubin SU-8 (wani sinadari da haske ke sandarar da shi), ɗaki marar ƙura da injin filasma na manna shi da gilas. Ina za ka samu wannan cikin hunturun Katsina? Ga shi tururi na ratsa PDMS, samfur ya ƙafe, kumfa ta tsaya a hanya. Gwangwanin PDMS da na saya a kabad ya ƙare wa'adinsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan intanet. Akwai masu ɗura silikon na gini su ce Sylgard 184 ne (wato sanannen PDMS na kasuwa), akwai masu ba ka wata roba mai araha da sunan akrilik, leza na taɓa ta ta narke ta yi baƙi. Mafi muni masu sayar da sinadarin LAMP: inzayim ɗin Bst, wato sinadarin da ke yin ninkawar, a firiza ake ajiye shi, digiri 20 ƙasa da sifiri. In ya iso babu ƙanƙara, kada ka karɓa, kuma kada ka biya duka kafin ka ga lambar kaya da ranar ƙarewa.

Selotef ma ka fara gwada shi a bututu, don wani mannen yana hana ninkawar. Bayan an gama kuma kada ka buɗe cip ɗin a ɗakin da kake haɗa sinadarai, in ba haka ba DNA ɗin da ya ninku zai gurɓata wurin, har ruwa zalla zai riƙa ba ka rawaya.