Sekor C 127mm da na sawo ma RB67 ɗina, ga abin da na gani

Jama'a masu tsohuwar Mamiya RB67 a ajiye, in idon kyamararku (lens) ya lalace ku nemi Sekor C 127mm f/3.8, ni dai na saya kuma wallahi raina ya yi fari. Nawa na da fumfuna ce ta cinye shi, shekara da shekaru kyamarar tana cikin akwati a Yawuri, kun san damshin bakin ruwa da damina, gilashin ya yi zare-zare daga ciki har hoto ya riƙa fitowa da hazo, kuma irin wadda ta daɗe haka ko an goge tabon ba ya fita don ta riga ta ci rufin gilashin.

Abin da nake so mutane su gane shi ne ita RB67 shotarta, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga fim, ba a jikin kyamara take ba, tana cikin idon ne, ta kamfanin Seiko, daga daƙiƙa 1 har 1/400, babu batir babu komai sai ƙarfe da sifirin. Kenan in ka sayi ido ka sayi shota, gilashi na iya zama tas amma man ciki ya daskare shota tana jan ƙafa, ka ƙona fim a banza alhali fim ɗin 120, wanda kyamarar ke ci, hoto 10 kacal yake ba ka a girman santimita 6x7, ga tsada, ga shi nan Birnin Kebbi sai dai na yi oda daga Legas. Shi ya sa kafin in biya sai da na sa mai kayan, wani ɗan Japan a eBay, ya turo min bidiyo yana harba shotar a daƙiƙa 1 ina saurare, sannan ya haska tocila ta cikin gilashin. Bai yi gardama ba ko kaɗan, ya ma nuna min 'yar ƙurar da ke ciki da kansa, wannan gaskiyar tasa ta burge ni ƙwarai.

Sai a kula da wani abu, akwai wata kyamarar Mamiya, RZ67, da ta fito 1982, ita RB67 tun 1970, idanunsu sun yi kama sosai a hoto amma na RZ ba ya aiki a RB don shi da lantarki yake tafiya, na RB ne dai ke hawa RZ. In ka ga Sekor Z an rubuta to na RZ ne, wuce kawai. Harafin C ɗin nan kuma na nufin gilashin na da rufi mai hawa-hawa, ya fi na farkon, marar C, hana hasken rana wanke hoto, mu da rana ke dukanmu tsakar ka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na gwada shi a Argungu bakin Matan Fada da yamma, na ɗauki wani dattijo masunci da homarsa da gora, da nagetif ya dawo har zaren homar ana ƙirgawa, fatar fuska kuma ta fito da laushi, baya ya narke yadda ake so. Filasha na kamawa a kowane gudu har 1/400, masu hoton biki kun san daɗin wannan. Zugazugin kyamarar, wato ɓangaren da ke miƙewa wajen saita hoto, kuma na barinka ka matso kusa sosai.

Inda ya ɗan ƙuntata min, 127mm a ɗaki ƙarami ba ya ɗaukar taro, amarya da ƙawayenta sai ka ja baya har bango, mai irin wannan aikin gara ya nemi ido 90mm da ya fi ɗaukar fili. Kuɗin jirgi da na kwastan ma sun ciji aljihu, dala kuma kun san halin da ake ciki.

In idon ya iso ka danna shota ta ƙi harbawa kada ka ce an cuce ka, duba ɗan maɓallin gefen idon, wataƙila yana kan M ne na ɗaga madubi, mayar da shi N. Kuma don Allah a sa masa 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi, a riƙa fito da shi yana shan iska da haske lokacin damina.