Gargaɗi: a yi hattara da masu tallan batirin lityum mai "cika cikin awa ɗaya"

Jama'a masu motocin yawon shaƙatawa, irin masu gado da kicin da firij a ciki, ku saurare ni, domin an cuce ni kuma ba na son wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Na shekara ina fama da batirin dalma mai ruwa. Wanda ya riƙe shi ya san halinsa: ya sha caji da ɗan sauri har ya kai wajen kashi 80, daga nan ya fara jan ƙafa, sauran kashi 20 ɗin ya cinye maka awanni. Ba a dura masa wuta da ƙarfi, kashi 10 zuwa 20 na girmansa ake ba shi, shi ya sa cika shi sosai kan kai awa takwas zuwa goma sha biyu. Kuma in kana son ya yi ƙarko, rabin abin da ke cikinsa kawai za ka ci. Da na ga talla a intanet cewa ga batirin lityum na 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, wato amfiya sau awa) mai cika cikin awa ɗaya da cajar da kake da ita, sai na tura kuɗi.

Ranar da ya iso na bar fitilu da firij suka shanye shi, sannan na haɗa shi da cajata mai amfiya 30. Awa biyu cif ya nuna ya cika. Na yi murna. Daren farko da muka kwana a hanya, wajen ƙarfe uku firij ya yi shiru, famfon ruwa ya ƙi tashi, fitilar kan gadon yara ta mutu. Da na kai wa mai gyaran wutar mota, bai ko taɓa batirin ba sai ya ce, "Malam, ɗauki biro mu yi lissafi." Caja mai amfiya 30 in ta yi awa biyu, 60Ah ta zuba, ba ƙari. Batirin 200Ah na gaskiya zai nemi kusan awa bakwai a wannan caja. Wato saurin cikar da na yi wa murna shi ne shaidar damfarar: ƙaramin kwano ne aka manna masa takardar babbar randa. Ya kwance murfin a gabana. 'Yan ƙananan ƙwayoyin batir ne a lungu ɗaya, tsofaffi, da alamar tsohuwar walda a kawunansu, sai jakar yashi da aka naɗe da soso aka cike gurbin don ya yi nauyi a hannu. Lambar mai sayarwa ta daina shiga, shagon nasa na intanet ya ɓace.

Abin da ya sa ƙaryar take shiga mutane shi ne an jingina ta da gaskiya. Lityum irin na LiFePO4 ya fi dalma saurin caji nesa ba kusa ba, domin yana karɓar wuta da ƙarfinta kusan har ya cika. Na 100Ah da caja mai amfiya 50 zai cika a wajen awa biyu. Amma cajar ce ke yanke lokacin. A cika 200Ah cikin awa ɗaya sai an samu amfiya 200, da wayoyi masu kauri sosai, kuma tsohuwar cajar da ke cikin motarka ba ta da wannan ƙarfi. Wata tsohuwar cajar ma ba ta kai wa bolt 14.2 zuwa 14.6 da lityum ke bukata kafin ya cika.

Akwai masu cewa ka haɗa shi kai tsaye da altanetar mota, wato na'urar da ke cajin batir in injin yana aiki. Kada ka yarda. Lityum yana zuƙar wuta sosai, zai iya sa altaneta ta yi zafi har ta ƙone, musamman in injin yana aiki mota na tsaye. Caja ta DC zuwa DC, mai daidaita wutar da ke zuwa wa batirin daga altaneta, ake sawa a tsakani. Wasu kuma batirin dalma ne busasshe suke liƙa wa sunan lityum. Wannan kuwa, sikeli ne ke tona shi: lityum na 100Ah bai cika wuce kilo 11 zuwa 14 ba, na dalma kuwa ya kai ninki biyu. In ya cika ya huta, lityum kan nuna sama da bolt 13, dalma kuwa 12.6 zuwa 12.8. Ka kuma tambayi ko na'urar kariyarsa, BMS, tana yanke caji in sanyi ya kai digiri 0, domin caji a ƙasa da haka yana lalata shi har abada.

Batirin da na saya daga baya, kafin wa'adin mayarwa ya cika, na cika shi, na ɗora masa kaya masu cin amfiya 10, na zauna da agogo. Na 100Ah ne, ya yi awa goma da 'yan mintoci kafin ya yanke. Duk mai sayarwar da ya ƙi ba ka wa'adin yin wannan gwaji a rubuce, riƙe kuɗinka.