Aiki a gidan kula da masu lalurar fahimta a arewacin Ingila

Gidan ƙarami ne, mazaunansa manya ne masu lalurar fahimta da koyo, wasu suna fama da farfaɗiya, wasu kuma ba sa iya bayyana buƙatarsu sai da alama ko hoto. Kamfani mai zaman kansa ne yake tafiyar da shi, ƙaramar hukuma kuma ita take biyan kuɗin yawancin mazauna. Na yi aikin kula a cikinsa, kuma zan auna shi ne da yadda yake riƙe ma'aikatansa, domin a irin wannan gida walwalar mazauni tana rataye ne a kan ko mutumin da ya saba da shi zai dawo gobe.

Ta fuskar horo, gidan ya cancanci yabo. Ba a bar sabon ma'aikaci shi kaɗai da mazauni ba sai da ya koyi ba da magani, da abin da ake yi idan farfaɗiya ta tashi, da yadda ake kwantar da hankalin wanda ya fusata ba tare da an danne shi ba. An kuma tura mu horon da ke ɗauke da sunan Oliver McGowan, matashin da ya rasu a 2016 bayan an ba shi maganin da iyayensa suka yi gargaɗi a kansa, kuma an biya mu awannin da muka yi a aji. Manajar gidan tana sassauta jadawali a watan azumi, ba ta taɓa hana kowa salla ba.

Inda gidan ya gaza shi ne kuɗi da dare. Albashi bai wuce mafi ƙarancin da doka ta yanke ba, wanda ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, ga aikin da ake cizo da yakushi a cikinsa. Kwanan aiki ya fi ciwo. Ma'aikaci yana gama yini, ya kwana a wani ɗan ɗaki kusa da mazauna, a ba shi wani ƙayyadadden kuɗi na daren gaba ɗaya, saboda Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a Maris 2021, a shari'ar da ta shafi Mencap, ƙungiyar agaji ga masu lalurar fahimta, cewa awannin barci ba sa cikin lissafin mafi ƙarancin albashi. Awannin da aka farka aka yi aiki dole ne a biya su, amma a wannan gida sai ka bi sawu da kanka kafin su fito a takardar albashi. Wanda aka tayar sau da dama cikin dare shi ne kuma zai raba maganin safe, kuma ban ga yadda za a kira wannan tsari mai aminci ba.

Hutun minti 20 da doka ta tanadar wa wanda ya wuce awa shida yana aiki yakan salwanta, tunda ba a barin mazaunin da ke buƙatar mutum ɗaya a gefensa. Idan aka yi ƙarancin hannu sai a kira ma'aikatan wucin gadi, baƙuwar fuska kuwa tana tayar wa mazauna hankali, sai nauyin ya koma kan tsofaffin ma'aikata.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun abokan aikina da suka zo daga ƙasashen waje da bizar aikin kula, wadda aka buɗe wa masu irin aikinmu a Fabrairun 2022, aka hana zuwa da iyali a Maris 2024, aka rufe ɗaukar sababbi daga ƙasashen waje a Yulin 2025. Zamansu a ƙasar yana hannun kamfanin, wanda ya rasa aiki kuma kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa. Mutumin da yake cikin wannan hali ba ya ƙin ƙarin aiki, ba ya kuma saurin kai ƙara. Ban ga an ci zarafin kowa a wannan gida ba, amma cin zalin da BBC ta bankaɗo a Winterbourne View, wani asibitin masu lalurar fahimta a Ingila, a 2011 ya daɗe ne saboda an yi watsi da ma'aikacin jinyar da ya yi magana.

Duk wanda yake Ingila kuma yake tunanin karɓar aiki a irin wannan gida zai sami horo nagari da mazauna masu shiga rai. Kafin ya sa hannu, ya karanta rahoton hukumar CQC, mai sa ido a kan gidajen kula a Ingila, game da gidan, ya nemi a rubuta masa kuɗin kwanan aiki da na awannin farkawa a cikin yarjejeniya, ya kuma tambayi ma'aikata nawa suka ajiye aiki a shekarar da ta wuce.