Famfon ƙarfen da na sa a banɗakin motarmu ta tafi-da-gidanka

Gurnanin injin tura ruwa ne ya fara tona asirin yoyon. Daren farko da muka kwana a dajin Itasca, can arewacin jihar Minisota inda kogin Misisifi ya samo asali, yara sun yi barci, ba wanda ya taɓa famfo, amma jim kaɗan sai injin ya yi gurnani na daƙiƙa biyu ya yi tsit, an jima ya sake. Uwargida ce ta tashe ni. Ta ce, "Maigida, bara fa abin nan ba haka yake yi ba." Gaskiyarta kuwa.

Ga wanda bai saba da irin motar nan da Amurkawa ke kira RV ba, ruwanta a tanki yake, namu galan 40 yake ci. Wani ɗan inji mai aiki da batirin motar ne ke tura shi cikin bututu zuwa kicin da banɗaki. Namu ƙirar Shurflo ne, yana tsayawa da kansa in ƙarfin ruwa ya kai psi 55 (psi ma'aunin ƙarfin matsin ruwa ne), ya tashi da zarar ƙarfin ya sauka. Saboda haka in ka ji ya tashi alhali famfo duk a rufe, to ruwa na fita ta wani wuri, ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba.

Da asuba na ɗauki tocila na buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin kwanon wanke hannu. Katakon ƙasan ya jiƙe sharkaf, har ya fara kumbura ta gefe. Abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Gidan bulo da siminti zai jure ɗigar ruwa shekara guda, amma ƙasan motar nan siririn katako ne, in ya sha ruwa ya ruɓe, gyaransa ya ninka kuɗin famfo sau da yawa.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Muka shiga gari, na sayi ƙunshin robobin famfo da farin tef, na sauya robobin, na naɗa tef, na ɗaure. Yoyo yana nan daram. Sai da na goge ko'ina ya bushe, na naɗa takardar tishu a kowace mahaɗa, na kunna inji na zauna ina kallo, sannan na ga ta inda ta fara jiƙewa. Jikin famfon ne kansa ya tsage ta ɓangaren ruwan zafi, tsagar ba ta fi silin gashi ba. Duk ƙyallinsa na sama fenti ne, cikinsa roba ce zalla. Dalilin tsagar ma na san shi. Kafin hunturu ana zuƙe ruwan motar, a tura wani ruwan magani mai launin hoda cikin bututun don kada su daskare. Na yi hakan a watan Oktoba, amma ban bar ɓangaren zafi na banɗakin a buɗe ba har sai maganin ya fito. Ɗan ruwan da ya maƙale ya zama ƙanƙara, ruwa kuma in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. A sanyin Minisota wannan ya isa ya fasa roba.

Da muka koma gida na yanke shawarar ba zan sake sayen na roba ba. Ramukan da ke kan kwanon tazarar inci 4 ce tsakaninsu, daidai da na yawancin banɗakunan gidajen Amurka, don haka famfon gida na yau da kullum yana shiga. Na ɗauki na ƙarfe mai hannu biyu da dogon wuya, dala hamsin da 'yan kai.

Sa shi ya ci min kusan awa biyu, kuma rabin lokacin a cire tsohon ya tafi. Wurin ƙunci ne ƙwarai, kafaɗa ɗaya kawai ke shiga kabad ɗin. Na kashe inji, na kashe tukunyar ruwan zafi na bari ta huce, na buɗe famfunan duka ruwa ya tsiyaye. Sifana ta yau da kullum ba ta kai ga notin da ke bayan kwanon, sai da na ari doguwar nan mai lanƙwasasshen kai da masu gyaran famfo ke amfani da ita. Bututun motar na roba ne irin wanda ake kira PEX, na rabin inci, ja na zafi, shuɗi na sanyi, kowanne da notin roba a bakinsa da 'yar roba mai tsini a ciki. Wannan 'yar robar ce ke tare ruwa, shi ya sa tef ba shi da aiki a nan, har ma yakan hana notin zama daidai. Na sa sabbi, na ɗaure da hannu, na ƙara ɗan juyi kaɗan da filaya, na tsaya. In ka matsa wa notin roba a kan ƙarfe, notin ne zai tsage. Kafin in rufe aiki na cire 'yar rariyar bakin famfon, na bar ruwa ya zuba minti ɗaya don ya kore tarkacen da ke cikin bututu.

Yanzu wata huɗu ke nan, mun yi tafiya uku, ɗaya ma a hanyar tsakuwa da ta girgiza motar sosai. Injin bai sake tashi cikin dare ba, tishun da na bari a ƙasan kabad ɗin kuma a bushe yake.

Abin da ya fi faranta min rai ban yi lissafinsa ba tun farko. Tsohon famfon gajeren wuya gare shi, bakinsa na dab da bangon kwanon, tafin hannu ma da ƙyar yake shiga ƙarƙashinsa. Duk alwala da buta muke yi a waje, ko ana ruwan sama, ko sauro ya yi yawa, kuma duk wanda ya kwana a dajin Minisota a watan Yuni ya san sauronta. Da wannan dogon wuyan ina wanke hannu har gwiwa a cikin kwano, ruwa bai zuba a ƙasa ba. Ƙafa ce kaɗai har yanzu sai an koma wajen wanka. Babbar 'yarmu, wadda ba ta son fita waje da asuba, ita ta fi kowa murna. Ta ce, "Abba, da ma tun bara aka sa wannan."

Yana da nasa matsalolin. Da ya zo, rariyar bakinsa galan 1.2 take saki a minti ɗaya. A gida wannan ba komai ba ne, amma mutum biyar masu alwala sau biyar a rana da tanki mai galan 40, a kwana biyu muka ga ruwa ya yi ƙasa, tankin ruwan datti kuma ya cika da wuri. Ga fallatsa, domin kwanon motar ba shi da zurfi. Na sauya rariyar da mai rabin galan a minti, kuɗinta bai kai dala biyar ba, ta magance duka biyun, kuma ta dace da abin da aka hore mu da shi na barin ɓarnar ruwa wajen alwala. Wata matsalar kuma, famfon nauyi gare shi. Saman kabad ɗin siriri ne, in ka juya hannun famfon sai ka ji wurin yana ɗan lanƙwasa. Na yanko ɗan katako na huda shi, na sa ta ƙasa kafin in ɗaure noti, ya zauna cif.

Ƙarfe ma sanyi na fasa shi, don haka ban ɗauke wa kaina aikin Oktoba ba. Na kuma sayi ɗan abin rage ƙarfin ruwa da ake ɗaurawa a bakin tiyo, saboda wasu wuraren kwana ruwan famfonsu yana zuwa da ƙarfin da ya wuce abin da bututun mota ke ɗauka. Ga mai irin motar nan da famfonsa ke yoyo, in 'yar robar da ke tare ruwa ce ta ci, dala biyu ta ishe shi. In jikin ne ya tsage, ni dai wannan na ƙarfen zan sake saya, in haɗa da ƙaramar rariya tun a shagon. Katakon da ya kumbura yana nan ban taɓa shi ba tukuna, shi ne aikin da ke gabana kafin sanyi ya shigo.