Wasiƙa daga Manchesta zuwa Argungu

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Ka yi mini zancen yaran injinka na casar shinkafa, yadda suke barin aiki ba sallama, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Ga abin da na gani a nan.

A siton da nake aikin dare, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, akwai wani allo kamar babbar waya a bakin ƙofar fita. Kafin ka wuce zai tambaye ka yadda aikin yau ya kasance. Fuskoki uku ne: kore, ruwan ɗorawa da ja. Ka taɓa ɗaya, in ka so ka ƙara dalili, ko gajiya, ko ciwon jiki, ko ƙarancin hannu. Ba a sa suna. Duk mako manaja yana duba jimillar.

Da farko kore nake dannawa kullum. Ka san tarbiyyarmu: a ce maka "ina gajiya?" ka ce "ba gajiya", ko da bayanka na neman tsinkewa. Sai da hunturu ya shigo, ɗaukar kaya a ɓangaren sanyi ya hana ni ko ruku'u da kyau, na danna ja. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ba a yi mako biyu ba aka fara yi mana karɓa-karɓa a wurin, aka ƙaro mutum ɗaya. Wallahi ranar na ji an ɗauke ni mutum.

Akwai doka a bayan abin. Dokar lokutan aiki ta Birtaniya ta 1998 ta ba wanda ya wuce awa 6 yana aiki hutun minti 20, da awa 11 tsakanin tashi da komawa. Ba a tilasta maka wuce awa 48 a mako, bisa matsakaicin lissafi, sai in ka amince a rubuce.

Amma kada ka ɗauka allon ne maganin. Inda na fara aiki ma suna da shi, mun yi ta danna ja babu wanda ya waiwaye mu, har kowa ya daina kula shi. Kuma akwai abin da muka fi su. Na kwanta jinya kwana huɗu, saƙon waya kawai na samu. Kai kuwa na san yaronka ya kwanta, da ƙafarka kake zuwa dubiya. Shinkafarsu ma tana da tsabta a leda, amma ba ta kama ƙafar ta fadamarmu a ɗanɗano ba.

Shawarata, ba sai ka sayi na'ura ba. Yaro ba zai dubi idon maigida ya ce ya gaji ba, balle a zafin Afrilu ga ƙurar ƙaiƙayi. Ka samu gwangwani uku masu murfi da huda, ka shafa musu fenti, ka ajiye bayan ƙofa inda ba a ganin mutum. Mai tashi ya jefa tsakuwa ɗaya. Ranar Juma'a ka ƙirga. In jan ya yi nauyi, ka tara yaran ka gyara ko da abu ɗaya ne a makon, ruwan sanyi ko takunkumin hanci.

Ka gwada na wata guda ka faɗa mini. A gaida Inna, a ce mata saƙonta na tafe ƙarshen wata.