Horon ƴan sa kai na kashe gobara a Maradi: bitar wanda ya halarta

A ƙarshen daminar bana na halarci horon kwana biyar da wata ƙungiyar agaji ta shirya a Maradi domin ƴan sa kai na ƙauyuka, inda ake koyar da kashe gobara da taimakon farko ga wanda ya ƙone. Da maigarinmu ya ba da sunana ban yi jinkiri ba, domin har yau ban manta da gobarar watan Nuwamba na 2021 ba, wadda ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a cikin birnin Maradi, ta hallaka yara fiye da 20. Idan haka ta faru a birni, ina ga ƙauyenmu na yankin Dakoro, inda hanya yashi ce, rumbuna kuma suna jere kusa da bukkoki?

Malamin da ya jagoranci horon tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, kuma tun ranar farko bai ɓoye mana gaskiya ba. Ya ce mu kira lamba 18 a duk lokacin da wuta ta tashi, amma mu sani cewa rumbun hatsi ba ya jiran mota, saboda haka abin da mutanen gari suka yi da hannunsu a mintunan farko shi ne zai raba asara kaɗan da asara babba. Da Hausa ya koyar daga farko har ƙarshe, ba tare da fakewa da Faransanci ba, kuma wannan kaɗai ya sa na ba horon daraja, domin yawancinmu manoma ne da makiyaya.

Darasin da ya fi ratsa ni shi ne na rana ta biyu. An zuba man fetur kaɗan a rabin tano aka kunna, sannan malamin ya watsa ruwa kofi ɗaya daga nesa. Nan take wutar ta yi tsalle ta bazu a ƙasa, muka ja da baya. Sai ya miƙa mini shebur, na zuba yashi sau uku, ta mutu murus. A yankin da ake sayar da fetur a kwalabe a bakin kowace hanya, ake kuma ajiye jarkoki a cikin ɗakin kwana, wannan ilimi ne da ya kamata kowane gida ya samu. Haka nan aka nuna mana yadda ake kwantar da wanda tufafinsa suka kama wuta a lulluɓe shi da bargo, maimakon a bar shi ya ruga iska ta ƙara hura ta. Game da ƙuna kuwa, an ce a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi na kimanin minti 20, kada a shafa mai ko ɗanyen ƙwai ko man goge haƙori. Wata dattijuwa a cikinmu ta ce ita da man shanu ta saba yi wa jikokinta. Malamin ya amsa mata a hankali: “Inna, man yana riƙe zafin ne a cikin fata, ruwan kuma yana fitar da shi.” Ta yi shiru, ta gyaɗa kai.

An ware yini guda ga gobarar daji, wadda ke cinye ciyawar dabbobi a arewacin Dakoro da Bermo da zarar ta bushe iskar hunturu ta taso. Mun koyi share faffaɗan layi a cikin ciyawa domin wuta ta rasa abin ci, da kuma bugun ta da ɗanyen reshe daga gefe, ba daga gaban da iska ke kora ta ba.

Sai dai akwai inda horon ya gaza, kuma ba zan rufe ba. Darasin farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya an yi shi a gurguje, da mutum-mutumin gwaji guda ɗaya tak, har wasunmu ba su kai ga taɓa shi ba. Mata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, alhali su ne ke kusa da murhu, su ne kuma ke gida lokacin da maza suke gona. Abin da ya fi damuna shi ne an sallame mu da takardar shaida da riga, babu safar hannu, babu akwatin magani, kuma tun daga lokacin ba wanda ya waiwaye mu.

Duk da haka, ina ba kowane maigari shawarar ya tura mutanensa idan an sake buɗe horon, ya kuma dage a sa mata a cikinsu. Mu dai da muka koma gida mun haɗa kuɗi mun sayi shebur huɗu da bokitai, mun tara yashi a gefen rumbuna, kuma ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci za mu fara share layin wuta a gabashin gari, ta inda iskar hunturu ke shigowa.